Daminar da Baba Ya Ƙi Cin Tuwona

Ban taɓa rasa abin da zan ɗora a wuta ba sai a daminar da Baba ya zo ya zauna da mu a Samaru. Kafin nan, in aka tashi daga makarantar firamaren da nake koyarwa, ina tafe ina haɗa tukunya a kaina, kafin in iso ƙofar gida na riga na san ko kuka ce ko kuɓewa. Amma a makonnin nan, tun ina rubuta kwanan wata a allo da safe tambayar take kama ni: yau kuma me zan dafa? Yara suna ta rera karatu, ni kuwa hankalina yana can cikin kasuwa yana zaɓen ganye.

Baba manomi ne a ƙauyenmu da ke can hanyar Giwa, kuma shi ke kaɗa ƙararrawar coci ran Lahadi tun ban zo duniya ba. Innarmu ta rasu shekara biyu kafin wannan daminar. Ƙaba ce ta daɗe tana cinsa yana ɓoyewa, har ranar da ta kayar da shi a tsakiyar gona, ƙanena ya sako shi a mota ya kawo mini. Likita ya duba shi ya ce sai an yi aiki, amma jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ba za a taɓa shi a haka ba. Ya ba da magani, ya ce maganin ba zai yi komai ba in babu abinci. Mu koma gida mu ciyar da shi, bayan mako uku mu dawo a sake auna jinin. Na ce wa likita in dai wannan ne, ya ɗauka an gama. Har da 'yar dariyata, don a lokacin ina ji da hannuna a girki fiye da yadda ya kamata.

Tun a bakin ƙofar asibiti Baba ya yanke mini magana, yana kallon titi. Mako ukun nan kaɗai zai ba mu. Masararsa na jiran taki, kuma ba ya barin gona a hannun kowa. In an yi aikin, to. In ba a yi ba, zai koma da ciwonsa, ai da shi ya yi noman bara. Ban yi masa musu ba, don na san shi. Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, ba ma kuma doguwar magana. "Ke" yake ce mini, bayan na fara koyarwa ya koma "Malama". Abin da ya faɗa sau ɗaya ba ya maimaitawa, ba ya kuma janyewa.

Mijina ya fi ni murnar zuwansa. Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, a can kuma yake da shagon kayan babur. Hausa a bakinsa ta fi tawa gudu, sai dai Hausar kasuwa ce, ba ta taɓa kwana a cikin gida irin namu ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, don haka da ya ji dattijo zai zauna a gidansa sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya sa aka yi wa ɗakin baƙi fenti, ya sayo sabuwar katifa. Muna da teburin cin abinci mai kujera huɗu wanda tun da aka kawo shi ba abin da yake ɗauka sai littattafan 'yan ajina, ya kwashe su tas ya goge. Ya ce a wurinsu ba a barin babba ya ci abinci shi kaɗai kamar wanda aka yi wa horo, dole mai gida ya zauna da shi, ya zuba masa, ya ga ya ci. Tun daga ranar ya riƙa rufe shago da wuri ya shigo bas, kafin magariba yana gida.

Ranar farko tuwon shinkafa na tuƙa, da miyar taushe wadda ta ji kabewa da gyaɗa da alayyahu, ga naman rago. Ko ni da na ɗanɗana sai da na yaba wa kaina. Mijina ya ja wa Baba kujera, ya miƙa masa ruwan wanke hannu, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya tura masa tsoka mafi girma, ya zuba masa ido yana murmushi. Baba ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, ya ajiye hannu a gefen faranti. Mijina ya ce ya ci mana, ya ƙara, ai gidansa ne. Baba ya ce ya gode Allah, ya ƙoshi. Na ce a raina gajiyar hanya ce da ta asibiti.

Washegari na yi farfesun kayan ciki da hanta, ya ɗan kurɓi romon ya ture. Rana ta uku na ce wauta na yi, mutumin ƙauye nake ta jera wa abincin biki, sai na tuƙa tuwon masara da miyar kuka. Loma uku, ina ƙirgawa daga bakin ƙofar kicin. Kunun da nake bar masa da safe rabi yake sha. Abincin rana da nake zubawa a kula kafin in fita, yadda na rufe haka nake dawowa in tarar, sai dai ya yi gumi. Na daure na durƙusa na tambaye shi me yake sha'awa, ko mene ne, in dafa. Ya ce duk abin da aka dafa mai kyau ne. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na shiga yawon kasuwa. Kasuwar Samaru tana nan kusa da mu, ba abin da babu a cikinta, amma na sa wa raina cewa abin da Baba zai ci yana Sabon Gari. Ana tashi daga makaranta in faɗa bas, mu yi cirko-cirko a Kwangila, in sauka in shiga taɓo har idon sawu, in bi layin masu kifi, in ɓulla ta na masu ganye, in dawo in sake bi. Ba na ma sanin abin da nake nema. Sai in tsaya gaban mai kifi banda ina juya kifin, zuciyata na cewa fate, kafin ya naɗe mini na koma dambu, ina barin wurin in ce ai dambu zai yi masa nauyi. Wata rana na iso gida da doya, da busasshiyar kuɓewa, da ƙafar saniya, da yalo, ba ko biyu a ciki da suke shiga tukunya ɗaya.

Kowa kuma ya zama likita. A ɗakin malamai wata ta ce zogale, wata ta ce ƙwai da madara, wani malamin lissafi da ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba ya ce hanta mai rabin dahuwa. Matar da nake sayen ganye a wurinta a Sabon Gari, 'yar wajen su mijina, da ta hango ni sai ta fara dariya tana tambayar Madam yau kuma me, tana haɗa Hausa da Turancin kasuwa. Ita ta ce in matse ɗanyen ganyen ugu, wani ganyen miya na wajensu, in zuba madara, kwana uku jini zai cika har ya yi yawa. Na matse, na tace, na kai. Baba ya dubi koren ruwan nan, ya kurɓa don kada in ji kunya, ya tura kofin ƙarƙashin gado. Da safe na ɗauke.

Har a aji abin ya bi ni. Wata safiya na goge darasin da na rubuta, na ce kowa ya tashi ya faɗi abin da aka ci a gidansu jiya da dare, wai koyon magana muke. Yara suka yi ta faɗa ina rubutawa a allo, teba, amala, taliya, tuwon acca, wake da gari. Da aka fita tara na kwafe su a bayan rajista. Wata yarinya da ta ce ita ta manta, sai da na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta.

Na yi agushi da sakwara, hannuna har ya yi kanta wajen daka. Na yi faten doya. Na yi faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, irin wanda in maƙwabta suka ji ƙamshi suke leƙowa su gaishe ni ba dalili. Na yi miyar karkashi, na yi ɗanwake, na yi dafa-duka da kifi. Kullum zancen ɗaya ne. Mijina ya dawo, a zauna, a yi addu'a, ya tura nama, Baba ya taɓa ya janye hannu. Mijina kuwa ba abin da yake gani sai daɗin zama. Yana ci yana ba Baba labarin shago, yana tambayarsa yadda ake gane ƙasar da za ta yi dawa, in mun keɓe ya ce mini dattijon nan akwai hikima. Na ce hikima ba ta ƙara jini. Shi ƙiba ma ya fara, don duk abin da Baba ya bari cikinsa yake komawa.

A mako na biyu na yanke cewa kewar Inna ce. Hannunta yake nema a miya, ni kuma na bar gida tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya zuwa makarantar kwana, girkina na risho ne, ba irin nata ba. Na zauna na yi ta tuno yadda take yi. Na tuna ba ta soya komai, daddawa take dakawa da barkono da citta ta zuba tun ruwa na da sanyi, ta bar shi ya yi ta tafasa kafin ta kaɗa kuka. Na tuna kuma a murhu take yi. Sai na jera duwatsu uku a bayan gida, na sayo itace, jiƙaƙƙen itacen damina, na durƙusa ina hurawa har idona ya yi jawur. Hayaƙi ya cika layin gidajenmu, matar maƙwabcinmu ta fito ta kwashe shanyarta tana magana ƙasa-ƙasa yadda zan ji. Amma miyar ta yi. Da na buɗe tukunyar sai da na ji kamar Inna za ta ce in miƙo mata ludayi. Baba ya riƙe lomar a hannu ya daɗe. Mijina ya ce ya ci mana, yau ai an yi masa irin ta gida. Baba ya kai baki, ya haɗiye, ya wanke hannu.

Ranar na fasa faranti a wurin wanke-wanke, ba kuma suɓucewa ya yi ba. Mijina ya leƙo ya tambayi lafiya, na sauke masa duk abin da ke cikina, na ce shi dai ya iya zama ya cinye, ba ya ganin mutum na ƙarewa a gabansa. Bai rama ba, ya tsugunna ya kwashe fasassun. Tsoro ne ke cina, ba fushi ba. Wandon Baba ya fara zamewa yana ƙara ɗaure mazagi. Duk ciyawar da ke ƙofar gidanmu ya bi ta ya cire da hannu, da ta ƙare ya koma ta maƙwabta. In hadari ya haɗu da yamma yana tsaye a ƙofa yana kallon wajen ƙauyenmu. Na riga na binne uwa, ga uba kuma yana zubewa a gidana, a gaban tukunyata, ban san laifin da na yi ba.

Rana ta goma sha uku Alhamis ce. Ruwa ya tsuge tun safe, yara kaɗan suka zo, aka tashe mu da wuri. Na ce bari in bi ta kasuwar Samaru in sayi attarugu. A bayan kasuwa akwai wata rumfar kwano inda wata mata ke sayar da shinkafa da wake, masu dako da 'yan acaɓa ke cika mata benci. Ina wucewa na ga wata hula da na sani a kan gwiwar wani. Baba ne. Yana zaune a ƙarshen benci, ya juya wa hanya baya, kwanon roba a hannu, shinkafa da wake da mai da yaji, ba ko ɗigon nama. Ci yake hannu baka hannu ƙwarya. Da ya gama ya sa yatsa ya suɗe kwanon, ya miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a mararsa, ya kama hanyar gida yana tafiya yana tsayawa.

Na maƙale a bayan wata motar kaya kamar ɓarauniya. Kunya ce ta fara zuwa, sannan fushi ya biyo, irin wanda ke sa kunne zafi. Ni da na yi kwana goma sha uku ina gantali tsakanin kasuwa biyu, ashe abincin titi ya fi nawa. Da na bi zuciyata da na tare shi a wurin. Amma 'yar fari ba ta tare ubanta a kan hanya ta tambaye shi don me. Na manta da attarugu, na tsayar da bas na nufi Muchia wurin Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Ta auri ma'aikacin jirgin ƙasa, ya rasu ya bar ta a ɗaki biyu a Muchia, tana yin daddawa tana sayarwa. Na same ta a baranda tana tsince kalwa a tire. Ban ko gama gaisuwa ba na fara zuba. Na jera mata duk abin da na dafa, tun daga taushe har miyar murhu, da abin da na gani a bayan kasuwa, ina yi ina share hawaye da bakin gyale. Ba ta ɗago ba. Da na kai ƙarshe ta tambaye ni a ina nake ajiye masa abincin. Na ce a tebur. Ta tambaya shi da wa. Na ce shi da maigidan, don ya girmama shi.

Sai ta ajiye tiren.

"Ke 'yar nan, boko ne ya cinye miki kai ko me? Yayana ne zai buɗe baki ya tauna a gaban mijin 'yarsa? 'Yar fari ma?"

Na ce ai na san ana kunyar suruki, amma na ɗauka wannan ta mutanen da ce. Baba mutumin coci ne, na sha ganinsa a tebur yana ci da fastoci. Ta ce fastocin ba su auri 'yarsa ba. Ta ce kakanmu har ya mutu ko ruwa bai taɓa sha a gidan surukinsa ba, in tafiya ta kama shi da guzurinsa yake zuwa, ya ci a gindin bishiya kafin ya shiga gari. Baba ma da yake kai loma biyu baki, don kada yaron ya ji an ƙi shi ne, kuma ita ta san da ƙyar suke wucewa. Na ce to abincin rana fa, ai ba kowa a gidan. Ta ce hatsin wa, cefanen wa? Mutumin da ya ba da 'ya ba ya komawa ya zauna ana ciyar da shi a gidan da ya ba da ita, sai a ce abin da ya sa ya bayar ke nan.

"Da uwarki na da rai, da tun ranar farko ta ja ki gefe. Shi kuwa ko zai mutu ba zai faɗa miki ba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sani. A nan zaune na tuna in kakarmu ta wajen Inna ta zo ƙauye, Baba a gona yake wuni, can ake kai masa tuwonsa. Na gani da idona tun ina yarinya, sai na ajiye shi cikin abubuwan da na ɗauka mun wuce.

Gwaggo ta tsara mini abin yi kamar mai ba yaro aike. A aika ƙauye a ɗebo dawa daga rumbunsa, a haɗo da kukarsa da kajinsa. Daddawa ita za ta bayar, ai ta ƙanwarsa ce, ba ta suruki ba. In tuƙa, in zuba a kwano mai murfi, in kai ɗakinsa, in faɗa masa dawar gida ce, in saki labule in fita. Kada in tsaya, kada in tambaya ko ya yi daɗi. Mijina kuwa kada a ji ko tarinsa a kusa. Daga Muchia ban koma gida ba sai da na biya tasha na ba direban motar ƙauyenmu saƙo zuwa ga ƙanena, don a lokacin wayar hannu ba ta kai can ba.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar. Na jira mijina a bakin titi inda bas ke sauke shi, don ban so in faɗa a cikin gida. Ya sauko da leda a hannu, ya sayo wa Baba lemo da ayaba. Muna tafe na faɗa masa. Da farko dariya ya yi, ya ce wasa nake, shi da Baba ai sun zama abokai. Da ya ga fuskata sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Wato mako biyun nan ni nake hana shi ci."

Na ce ba shi ba ne, ni ce ya kamata in sani. Can ya tambaya ko zai iya dai riƙa gaishe shi. Na ce gaisuwa kam dole ce, da safe, daga bakin ƙofa, a durƙushe, ba doguwa ba. Ya miƙo mini ledar ya ce in ba maƙwabta. Tausayinsa ya kusa sa in ce a bar maganar, amma kwana takwas suka rage mana.

A ranar nan da washegari, a ɗaki na kai wa Baba abin da ke akwai, ya ɗan taɓa fiye da da. Ran Asabar saƙo ya iso, rabin buhun dawa, ƙullin kuka, da kaji huɗu a kwando. Baba ya fito ya sa hannu a buhun, ya murza ƙwayar, ya ce wannan ta gonar tudu ce. Bai tambayi wanda ya sa a kawo ba. Na surfa, na kai niƙa, na tankaɗe. A karo na farko cikin mako biyu ban tambayi kaina me zan dafa ba, tuwon dawa ne da miyar kuka da kaza, yau da gobe da jibi. Na kai, na ce masa dawar gida ce, na saki labule. Sannan na koma kicin na kasa zama. Na goge risho, na sake gogewa, na jera cokula, na leƙa tsakar gida na dawo. Mijina ya shigo ta ƙofar baya, takalmi a hannu don kada a ji shi, ya zauna a kujerar tsugunno ya ci nasa a kan gwiwa. Da na je ɗauko kwanon, malmala biyu na sa, rabin ɗaya ne ya rage.

Haka muka yi har ranar asibiti. Da safe kunun dawa, da rana ɗumame, da yamma sabon tuwo. Na riƙa cusa zogale da hanta a miyar ba tare da na faɗi inda suka fito ba, shi ma bai tambaya ba. Muryarsa ta dawo, har na ji shi yana yi wa kajin faɗa a bayan gida. Teburin ya koma ɗaukar littattafai. Mijina bai daina rufe shago da wuri ba, ya zo ya zauna a kicin yana tambayata ƙasa-ƙasa malmala nawa ya ci yau.

Aka ɗebi jini, muka jira. Likita ya ce jinin ya ƙaru, ya kuma ƙaru sosai, amma da saura. In aka ci gaba a haka, nan da kwana goma za a yi aiki. Na dubi Baba, yana kallon taga. Muna shiga gida ya wuce ɗakinsa, na hango shi ta gefen labule yana ninke kayansa. Mako uku ya ce, mako uku sun cika, kuma ni na ɓarar da biyu a ciki.

Na sa aka yanka kaza ta ƙarshe. Na tuƙa tuwon ina kuka, ban ma ɓoye ba. Na kai, na saki labule, na koma kicin na faɗa wa mijina yadda aka yi, ya yi tagumi. Ba a jima ba na ji muryar Baba yana kiran Malama. Bai taɓa kirana yana kan abinci ba. Na je na durƙusa a bakin ƙofa. Ya cinye tuwon, amma cinyar kazar tana nan a kwanon miya, ya ture ta gefe bai taɓa ba. A gidanmu Baba ba ya rage nama don ya ƙoshi. 'Ya'yansa kaɗai yake rage wa, ya nuna wanda ya ga dama a miƙa masa, mu kuwa muna yara har faɗa muke a kan wanda aka nuna. Ya turo kwanon da bayan hannu, yana kallon bango.

"Kai wa yaron nan. Ki ce masa kuma gobe in zai fita, ya biya tasha ya aika gida, a sa wa masarar taki. Kada su jira ni."

Sai da na kai tsakar gida maganar ta sauka a kaina. Ba zai tafi ba. Na shiga kicin na ajiye kwanon a gaban mijina, na maimaita masa yadda aka faɗa ban rage komai ba, sannan na gaya masa wa ake rage wa nama a gidanmu. Ya dubi cinyar, ya dube ni. Ya miƙe tsaye, ya sake zama. Ya tambaye ni a hankali me ake yi yanzu, ya je ya yi godiya ne ko ya aike ni.

Na ce ba a zuwa, ba a aikawa. Ci kawai ake yi, a mayar da kwano.

Ya ci, har ƙashin ya tauna. Sannan ya hana ni taɓa kwanon, ya wanke shi da kansa, ya lallaɓa ya ajiye a bakin ƙofar Baba, ya dawo ya zauna.